Wasan "The Web of Fear" da Yadda Aka Gano Shi a Jos

A wannan sashe za a dubi ɗaya daga cikin fitattun wasannin Doctor Who, wato shirin ƙagaggun labaran kimiyya da gidan talabijin na BBC ya fara nunawa a shekarar 1963. An nuna "The Web of Fear" a 1968, cikin kashi shida, inda Patrick Troughton ya fito a matsayin Dakta. Wasan ya ƙunshi labarin wasu dodanni masu aiki da inji, ana kiran su Yeti, da suka mamaye hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin birnin Landan.

A wancan zamani BBC kan goge kaset domin a ɗauki wani shiri a kansa, saboda haka kashi na ɗaya kaɗai ya tsira. Sai a 2013 aka bayyana cewa Philip Morris ya gano kashi huɗu daga cikin waɗanda suka ɓace, a ɗakin ajiyar wani gidan talabijin a Jos.

Wannan ya nuna mana cewa ajiya ita ce ran wasan talabijin. Don haka wajibi ne a adana namu na Hausa, irin su Samanja da Karkuzu, tun kafin su salwanta.