Kafar 4.4mm ko 2.5mm? Ka karanta wannan kafin ka sayi amfilifayar iyafis

Duk wanda ya taɓa sa iyafis a kunne a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san wahalar. Ga kukan shanu da raƙuma, ga hon ɗin manyan motoci masu lodin dabbobi zuwa Kudu, ka ƙure ƙarar waya amma da ƙyar kake jin abin da ka kunna. Wani kuma matsalarsa daban ce: ya sayi sabuwar waya, ya juya ta gaba da baya, babu kafar iyafis gaba ɗaya. Apple ne ya cire ta a iPhone 7 a 2016, Samsung ya biyo baya a Galaxy Note 10 a 2019. Yawancin Tecno da Infinix da Itel dai har yanzu suna da ita.

Maganin da ake tallatawa shi ne wata 'yar na'ura kamar yatsa, da ake soka wa a kafar caji. Tana karɓar sauti daga waya, ta ƙara masa ƙarfi, ta tura kunne. Wasu irin su FiiO KA3 da Moondrop Dawn Pro suna zuwa da kafa biyu: 3.5mm da ka saba da ita, da wata mai ɗan faɗi, 4.4mm. Wannan ta biyun ita ce kafar balans, kuma a kanta kuɗin mutane ke salwanta.

A iyafis na gama-gari, kunnen dama yana da silin wayarsa, na hagu yana da nasa, amma sun yi tarayya a sili ɗaya da wuta ke komawa ta cikinsa. A tsarin balans babu tarayya: kowane kunne sili biyu gare shi, kuma amfilifaya biyu ke tura shi, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Ƙarfin wutar yana iya ninkawa biyu, sannan sautin dama ba ya kutsawa hagu sosai. Babban hedifon mai cin wuta, wanda waya ba ta iya ɗaga shi, nan yake farfaɗowa.

To wace kafa za ka zaɓa? Akwai XLR mai fil huɗu, mai kauri kamar ta makirfon ɗin masallaci. Ta amfilifayar kan tebur ce, ba ta shiga aljihu, mu bar ta. Akwai 2.5mm, wadda kamfanin Astell&Kern na Koriya ta Kudu ya yayata a na'urorinsa. Siririya ce ƙwarai, kuma nan aibinta yake. Ka sa waya a aljihun kaftani, ka hau babur daga Maigatari zuwa Gumel, gargada ɗaya mai kyau ta isa ta lanƙwasa filogin, wani lokaci ma ya karye ya bar kansa a ciki.

Ni dai 4.4mm nake zaɓa. Kamfanin Nippon DICS na Japan ne ya ƙera ta da sunan Pentaconn, Sony ya sa ta a Walkman ɗinsa a 2016, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Filoginta kakkaura ne, yana kama ramin da kyau, kuma ba zai yiwu ka soka iyafis na gama-gari a cikinta bisa kuskure ba, don zai yi mata lako-lako. Sababbin na'urori ma yawanci ita suke sakawa, don haka samun wayarta a gaba zai fi sauƙi.

Ga inda ake ƙona kaya. Ana sayar da wani ɗan mahaɗi mai kan 4.4mm da ramin 3.5mm. Kada ka yi amfani da shi ka jona tsohon iyafis ɗinka a kafar balans. Silin nan da kunnuwan biyu suka yi tarayya a kai zai haɗe bakin amfilifaya biyu, su yi ta zuba wa juna wuta, na'urar na iya lalacewa. Akasin haka kuma ba laifi: wayar balans tana shiga kafar 3.5mm ta mahaɗin da ya dace. Kada kuma zobe uku da ke kan filogin iyafis ɗin waya ya ruɗe ka, ƙarin nan na makirfon ne.

Abin da ake canzawa shi ne wayar iyafis ɗin kanta, kuma sai iyafis da wayarsa ke cirewa, mai fil biyu ko MMCX. In a manne take, ka haƙura da 3.5mm.

Sai batun batir. Na'urar daga wayarka take shan wuta, kuma in ka ƙure ta a kafar balans sai ka ga caji na zuba. Wanda ke biyan kuɗin caji a shago, a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya sa wannan a lissafi. Ƙananan iyafis ma ba sa buƙatar ƙarin ƙarfin. A wasunsu sai ka riƙa jin 'yar shuuu a bayan waƙa. Hayaniyar kasuwa kuwa, robar kunne da ta toshe da kyau ta fi ƙarin ƙara maganinta, ta kuma fi tausaya wa dodon kunnenka.

In za ka aika a sayo maka a Farm Centre a Kano, tura hoton filogin iyafis ɗinka ta WhatsApp tukuna, a gwada kafin a biya.