Shekarun Ɗan Sanda: Ina Suke Zuwa In An Sake Doka?

 Ya 'yan'uwa malamai da fatake masu karanta wannan fili, maganarmu ta yau a kan fanshon 'yan sanda take, musamman a kan abu guda: in mutum ya yi wa hukuma aiki shekara da shekaru, sa'an nan aka sake doka, ko aka mai da shi ƙarƙashin wata hukuma dabam, shin shekarunsa na baya suna binsa ko kuwa sun faɗi a hanya? Kada wani ya ce wannan ba ruwan mai allo ko mai rumfa. Zai yi wuya a sami unguwar da babu tsohon kurtu ko saje a cikinta, kuma sau da yawa shi ne mai cin bashin gero wurin ɗan kasuwa, yana cewa a jira sai kuɗinsa sun fito.

Ga yadda tsohon tsari yake. A ƙarƙashin dokar fansho ta 1979, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, ma'aikacin Gwamnati yakan bar aiki in ya cika shekara 35 yana yi, ko ya kai shekara 60 da haihuwa. Wanda ya yi shekara 10 yana da kashi 30 cikin ɗari na albashinsa a matsayin fansho, kowace shekara ta ƙaru sai a daɗa masa kashi 2, har wanda ya cika 35 ya kai kashi 80. Banda wannan akwai kuɗin sallama, watau garatuti, wanda yakan kai ninki uku na albashin shekara ga wanda ya cika wa'adi. Kun ga ke nan a wannan tsari shekara ita ce mudu. Ran da aka zubar wa mutum da shekara biyar daga lissafinsa, an zubar masa da kashi 10 na abincinsa har iyakar ransa.

Mu a Arewa mun taɓa ganin an kwashe 'yan sanda daga wata inuwa zuwa wata. Da can kowace En'e tana da 'yan dokarta, baitulmalin En'e ke biyansu, ga kuma 'yan sandan Nijeriya a gefe, waɗanda aka haɗa na Kudu da na Arewa suka zama runduna guda a 1930. Bayan soja sun karɓi mulki a 1966 aka kafa kwamiti ya duba al'amarin 'yan doka da gidajen yari, ya ba da shawara a haɗe su da na Tarayya, daga 1968 kuwa aka shiga kwashe 'yan doka ana sa su cikin 'yan sandan Nijeriya. Duk lokacin da aka yi irin wannan ƙaura, tambayar da ke tasowa guda ce: aikin da aka yi wa ubangida na farko, wa zai ɗauki nauyinsa? Haka kuma 'yan sandan da suka kasance a ɓangaren Biyafara lokacin yaƙin basasa, aka kore su bayan yaƙi. Sai a shekarar 2000 Shugaba Obasanjo ya mai da korarsu ta zama ritaya, kuma sai a 2017, zamanin Shugaba Buhari, aka amince a biya su. Alƙalami ɗaya ne ya shafe shekarunsu, alƙalami ɗaya ya komo da su, amma tsakanin biyun an yi kusan shekara hamsin, da yawansu magadansu ne suka karɓa.

Babbar ƙaura ita ce ta 2004. A wannan shekara aka kafa sabuwar doka wadda ta ce kowane ma'aikaci a buɗe masa asusu da sunansa, a riƙa yankar kashi 7 da rabi daga albashinsa, Gwamnati ta daɗa kashi 7 da rabi, wani kamfani mai lasisi ya riƙa juya kuɗin, hukumar PenCom tana sa ido. A 2014 aka sake dokar, ma'aikaci ya koma ba da kashi 8, mai aiki kashi 10. A nan ba a auna shekara, abin da ya taru cikin asusu shi ne naka. Wani alherin tsarin shi ne, in mutum ya bar wannan ma'aikata ya koma waccan, asusunsa yana binsa kamar jakar bafatake, babu mai ce masa ya fara daga farko.

To, amma wanda ya riga ya yi shekaru kafin 2004 fa? Waɗanda ya rage musu shekara uku ko ƙasa da haka aka bar su a tsohon tsari. Sauran kuwa doka ta ce a ƙididdige abin da shekarunsu na baya suka jawo musu, bisa muƙaminsu na wancan lokaci, a rubuta shi bashi a kan Gwamnatin Tarayya, a riƙa ware kashi 5 cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikata kowane wata ana tarawa a Babban Banki, ran da mutum ya bar aiki a biya bashin cikin asusunsa. Ku ɗauki wanda ya sa kaki a 1990 ya tuɓe a 2025: shekara 14 nasa suna cikin wannan bashi, 21 suna cikin asusu.

Malamai za su gane wannan da wuri, domin ya yi kusa da babin hawala da muke karantarwa a cikin Risala da Muhtasar. Hawala ita ce wanda ake bi bashi ya tura mai binsa ga wani wanda shi kuma yake bi. Fatake sun san ta tun ana tafiya Gwanja da jakuna: ka ba da kuɗi a Kano, ka karɓa a wurin wani a can, ba ka ɗauki kome a hanya ba. A mazhabar Malik ana sharɗanta yardar wanda aka tura, da cewa bashin tabbatacce ne, kuma na biyun daidai yake da na farko a yawa da iri. In an cika wannan, wanda aka tura ba ya komawa kan na farko ko da na biyun ya tsiyace, sai fa in an ruɗe shi. Ba na cewa dokar fansho hawala ce ta kowace fuska, domin a nan mai bashin farko da na ƙarshe duk Gwamnati ce. Amma hikimar sharuɗɗan tana nan. Shari'a ba ta yarda a ɗauke hakkin mutum daga wuri zuwa wuri ba sai an tabbatar bai ragu a hanya ba. Ɗan sanda kuwa ba a tambaye shi ba, doka ce ta tura shi, saboda haka nauyin tabbatar da daidaito ya komo kacokan kan wanda ya yi dokar.

A nan ne aka sami tangarɗa. Kuɗin da ake warewa ba su riƙa isa ba, ba a kuma riƙa sakinsu a kan kari ba. Mutum ya tuɓe kaki, ya zauna wata da watanni, wani har fiye da shekara, bai taɓa ko abin da ke cikin asusunsa ba, domin ana jiran bashin baya ya shigo a haɗa lissafi. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a ciwo bashin naira biliyan 758 domin biyan basussukan fansho da suka taru, cikinsu har da irin wannan. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida a kan yawan abin da aka jinkirta. Ga kuma faɗuwar naira: a farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin Gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kowane ɗan kasuwa ya san bashin da aka ƙulla a kan kuɗin jiya aka biya da na yau, sunansa ne kawai bai sake ba. Malamai kuwa ba su yi saɓani ba cewa mawadaci ya ja wa mai hakki rai zalunci ne, balle hakkin ɗan ƙwadago wanda ya riga ya gama aikinsa.

Abin da ya ƙara wa 'yan sanda zafi shi ne, a 2011 aka gyara doka aka fitar da soja da jami'an leƙen asiri daga sabon tsari, aka mai da su na da. Su kuwa aka bar su, sai dai aka kafa musu kamfani nasu, NPF Pensions, wanda ya sami lasisi a 2014. A 2023 kuma aka fitar da ma'aikatan Majalisar Tarayya. Ɗan sanda ya duba ya ga wanda suka kwana daji tare an fitar da shi, wanda ke ɗaukar takarda a Majalisa an fitar da shi, to, me zai hana shi kuka? A watan Yuli na 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su.

Ni dai ina ganin kukansu yana bisa hanya, amma ina jan kunnen masu cewa komawa tsohon tsari shi kaɗai ne magani. Tsohon tsarin nan ne aka bari saboda tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa. A cikinsa ne aka bankaɗo satar biliyoyin naira a ofishin fanshon 'yan sanda a 2012, har wata kotu a 2013 ta ba wani jami'in ofishin zaɓin tarar naira 750,000, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida. Wanda ya ce zai koma rijiyar da ya bari saboda guga yana ɓacewa, ya kamata ya fara tambaya ko an sake mai tsaron rijiyar.

Kuma fita ɗin ma wata ƙaura ce, da irin tambayoyinta. Wanda ya yi shekara 21 yana zuba kashi nasa, za a mayar masa da kuɗinsa ne, ko za a karɓe a ƙidaya masa su shekaru? Wanda ya riga ya bar aiki ya karɓi wani abu a dunƙule, a wane layi zai tsaya? Matar wanda ya rasu a bakin aiki fa? In doka ba ta faɗi waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, da ranar biya, da inda kuɗin za su fito, da abin da zai sami jami'in da ya jinkirta, to, magatakarda ne za su yanke hukunci a ofis, kowa da fahimtarsa. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye fanshon ma'aikacin Tarayya ta hanyar da za ta cuce shi, ya kuma ce a riƙa duba shi kowace shekara biyar, amma sashe ba ya tashi da kansa ya je banki.

Wannan magana za ta sake tasowa in aka ba jihohi ikon kafa 'yan sandansu, abin da aka daɗe ana muhawara a kansa. Ran da aka ce Kofur wane ya bar rundunar Tarayya ya koma ta jiharsa, ya zama dole a rubuta tun kafin ya sake kaki wa ke ɗauke da shekarunsa na baya, Abuja ko jiha, domin jihohi da yawa sun sha tara bashin fanshon malaman firamarensu. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya kafa diwani, sai da ya sa aka rubuta kowa da sunansa da gabatarsa cikin hidimar Musulunci, aka yanka masa rabonsa a kan haka, wanda ya halarci Badar ba a daidaita shi da wanda ya zo daga baya ba.

Mai ɗa ko ƙane a cikin kaki, ya gaya masa ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta kowane ƙarin girma, ya kuma riƙa karɓar bayanin asusunsa yana dubawa ko abin da aka yanka ya shiga. Wanda kuma yake ƙyamar riba, tun 2021 PenCom ta buɗe wani asusu marar ruwa da ake kira Fund VI, ana neman komawa cikinsa ta hannun kamfanin da ke riƙe da kuɗin mutum.