Ɗan Yaye, Tsakanin Nono da Akushi

A kowane gida na ƙasar Hausa inda Allah ya kawo haihuwa, akwai wata safiya wadda ba a yanka mata rago kamar ranar suna, ba a kuma gayyato maroƙa dominta, amma wadda in da yaron da abin ya shafa yana da bakin faɗi, da ya ce tun da ya zo duniya bai ga rana mai nauyinta ba, watau safiyar yaye. Akan karɓo rubutu wurin malam, a dama kunu, kaka ko gwaggo ta zo ta saɓa yaro a baya ta tafi da shi gidanta, ya yi kwana bakwai ko fiye da haka bai sa uwarsa a ido ba. In kuwa babu inda za a kai shi, sai uwa ta shafa wa nono wani abu mai ɗaci, domin yaro ya kama ya saki da kansa. Manya sukan yi dariya su ce yau wane ya zama mutum. Ni kuwa, da yake na sha ganin yadda waɗansu yara kan koma bayan wannan rana, sai na ga ya kamata mu tsaya mu dubi wannan ɗan taliki da idon basira.

Kafin ranar yaye ta zo, yaron nan ya riga ya yi aikin da babba ba zai iya kwatanta irinsa a shekara goma ba. Ya koyi zama, ya yi rarrafe har gwiwoyinsa sun yi kanta, ya dafa bango ya miƙe, sa'an nan yayyensa suka kama hannuwansa suna yi masa tatata a tsakar gida, har ran da ya saki hannu ya yi taku uku ya faɗi, gida ya ɗauki shewa. Iyaye mata sukan shiga zullumi in ɗan kishiya ko na maƙwabta ya riga nasu tafiya, alhali kuwa mizanin abin yana da faɗi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta bayyana a cikin sakamakonta na shekarar 2006 cewa wani yaro yakan fara tafiya shi kaɗai tun yana wata 8, wani kuwa sai ya kusa wata 18, kuma dukkansu lafiyayyu ne. Wanda ya wuce shekara ɗaya da rabi bai taka ba, shi ne ya kamata a kai wa likita ya duba, ba tare da an tsaya jiran abin da tsofaffi za su ce ba.

Harshe kuwa shi ne abin al'ajabi. Wajen cikar shekara guda yaro yakan kama kalma ɗaya ko biyu, ya riƙa kiran kowane namiji Baba, kowace dabba kuma akuya. In ya kai shekara biyu sai ka ji ya fara haɗa kalmomi biyu, yana cewa ba ni, ko Inna zo, kuma tun kafin ya iya furta baƙaƙe masu ƙugiya sosai ya riga ya kama hawa da saukar murya da ke bambanta kalmomin Hausa, abin da baƙo mai ilimi kan yi shekaru yana fama da shi. Ba daga sama wannan baiwa take faɗowa ba. Yaro yana tsintar magana ne daga bakin wanda ya dube shi ya yi masa, ya kuma jira amsarsa ko da gwalantu ce, saboda haka gidan gandu, inda akwai kakanni da matan uba da yayye, makaranta ce babba wadda ba a biyan kuɗinta. Abin da nake tsoro a yanzu shi ne wayar hannu da ake miƙa wa yaro domin ya yi shiru, gama waya tana magana amma ba ta sauraro, kuma masana lafiya sun yi gargaɗin kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allonta. Haka nan kunyar ɗan fari, wadda ɗabi'a ce mai kyau ta iyayenmu, tana da magani ne a da saboda in uwa ta kau da kai akwai kaka a kusa; amarya da ke zaune ita kaɗai a gidan haya a birni, in ta ce za ta yi wa ɗanta kara irin ta da, to wa zai yi masa magana?

Shari'a ba ta bar mas'alar shayarwa ga son ran kowa ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so ya cika shayarwa, aka ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, aka kuma yarda a yaye yaro kafin nan in uwa da uba sun yi shawara sun amince da juna. Likitocin zamani sun zo sun tarar da wannan iyaka, domin shawararsu ita ce nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu ko fiye. Sun kuma auna sun ga cewa a shekara ta biyu nono yana iya ba yaro kimanin sulusin ƙarfin da jikinsa yake bukata, ban da kariyar da yake ba shi daga cututtuka. To, ranar da aka cire yaro daga nono farat ɗaya, wannan sulusi ne aka ɗauke, kuma tambayar da ba mu cika yi ba ita ce da me aka maye gurbinsa.

Galibi amsar ita ce koko mai ruwa da safe, sa'an nan a zaunar da shi cikin yayyensa a gaban akushi ɗaya. Kowa ya san yadda cin tuwon yara yake: kafin ɗan yaye ya hura lomarsa ta farko ta huce, 'yan shekara bakwai sun kai ƙasan kwano, in akwai tsokar nama kuwa ko ƙamshinta ba zai ji ba. Cikinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama guda bai wuce cikin kofin shayi ba, don haka bukatarsa ita ce ya ci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, a cikin kwanonsa na kansa, da babba a zaune kusa da shi yana lallashi. Kuma ba sai an je kanti ba. Kunun gero in aka yi shi da kauri aka zuba masa gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli ko waken suya, da ɗan cokalin manja, ya zama abinci na haƙiƙa. Ga wake, ga ƙwai, ga zogale, ga nonon shanu da aka dafa, ga gwanda da mangwaro a lokacinsu. Maganar da ake yi cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata ba ta da asali a addini ko a likitanci, hasara kawai take jawo wa mai ƙaramin baki.

Wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Ankara zamanin da ake kiran Gana da suna Gwalkwas, ta bayyana a shekarar 1933 wata cuta da take kumbura ƙafafun yara, ta sa gashinsu ya yi ja, fatarsu ta riƙa saɓulewa, a 1935 kuma ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da yaro kan kamu da shi in an haifa masa ƙane. Mu ma muna da wannan sani a harshenmu, tun da muna cewa an yi rurrutsa ko kwanika, muna kuma kiran ramar da ke biyo baya tamowa. Kuskurenmu shi ne zaton da muke yi cewa nonon mai ciki guba ne, har a fizge yaro daga gare shi ranar da aka gane cikin, alhali abin da yake kayar da shi yunwa ce da zawo. Shi ma zawon, sau da yawa sai a ce na haƙori ne a zuba masa ido, har maɗigar yaro ta faɗa, a shiga neman abin shafawa a ka, bayan kuwa faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, maganinta ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki, da gaggawar zuwa wurin ma'aikatan lafiya.

Ban ce a daina kai yaro gidan kaka ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun sa kaka ta wajen uwa a sahun gaba bayan uwa a babin haɗana, kuma duk wanda ya ga tsohuwa tana kiran jikanta mai gidana, tana ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai, ya san akwai rahama a wurin. Abin da nake roƙo shi ne a yi abin sannu a hankali: a fara rage shayarwar rana makonni kafin ranar, a saba wa yaro da cokali da kwanonsa, a kuma tabbata kakar da za a kai shi wurinta fuska ce da ya sani, domin yaro a wannan shekaru yana cikin ganiyar ƙiwa, kuma raba shi da nono da bayan uwa da ɗakin da ya saba kwana duk a dare ɗaya kaya ne da ya fi ƙarfin wuyansa. Kukan da yake yi da birgima a ƙasa, wanda muke kira rigima, yawancinsa takaici ne na mai son faɗin abu bai da kalmarsa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa, ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Sauran abin da ya rage na tsaro ne, kuma kowace uwa ta san shi: murhu da tukunyar ruwan zafi, rijiyar da ba murfi, kananzir da aka zuba a gorar lemo, gidan sauro da damina, da katin riga-kafi wanda akan manta da shi a ƙasan akwati da zarar yaro ya fara tafiya, alhali allurar ƙyanda ta biyu tana nan tana jiransa a shekararsa ta biyu.

Bayan mako guda ko biyu a gidan kaka sai a dawo da ɗan yaye gida da 'yar sabuwar riga. Wani yaron yakan sheƙo da gudu ya faɗa jikin uwarsa, wani kuwa sai ya tsaya a bakin zaure ya ɓuya a bayan zanen kakarsa, yana leƙen uwar kamar bai taɓa ganinta ba, har sai ta durƙusa ta miƙa masa hannu ta kira shi da sunan da ita kaɗai take kiransa.