"Ki Amsa Kawai A Wuce Wurin": Darasi Ga Iyaye Mata Daga Kotunan Ɗaukaka Ƙara

Uwargida, ranar da ɗan sanda ya yi sallama a ƙofar gida, ko aka kawo sammaci daga kotu, yawancinmu abin da muka iya shi ne kuka da salati. Wata ma ita ce za ta ja 'yarta ɗaki ta ce, "Ki amsa kawai a wuce wurin, kada a yi ta tonon asiri." To, wannan amsawa ta kunya ko ta tsoro ta sha kai bayin Allah bakin kabari. Ga abin da manyan kotuna suka ce a kanta.

Shari'ar Amina Lawal

A ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'ar Musulunci ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal Kurami hukuncin jifa, saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu, kuma an ce ta amsa laifi. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta. Amma a ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu cikin biyar suka amince da haka.

Dalilansu daga cikin littattafanmu suka fito. Na farko, alƙali ɗaya ne ya zauna a Bakori, alhali dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu. Na biyu, mai iƙirari a laifin haddi yana da damar janye maganarsa, kuma Amina ta janye. Na uku, a mazhabar Malikiyya ciki yana iya kwanciya har shekara biyar, don haka cikin bazawara shi kaɗai ba hujja ba ne, ana iya jingina shi ga tsohon miji. Sannan babu shaidu huɗu da suka gani da ido, kamar yadda Suratun Nur ta shar'anta.

Kafin wannan, a watan Maris na 2002, kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta sallami Safiya Husaini Tungar Tudu. Cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya riga kafa dokar, kuma ba a fayyace mata laifin yadda za ta gane ba.

Mu dawo gida Jigawa

A 2002 wata kotu a Dutse ta yanke wa wani mutumin Baranda hukuncin jifa bisa amsa laifin da ya yi da bakinsa. Danginsa ne suka tashi tsaye aka ɗaukaka ƙara, kuma a 2003 aka soke hukuncin saboda taɓin hankali, aka tura shi asibiti. Kin ga ke nan, da dangi sun naɗe hannu sun ce ai shi ya amsa, da labari ya sha bamban.

Abin da doka ta tanada yau

Tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya, da kuma tafinta kyauta idan bai jin harshen da ake shari'a da shi. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar duka ko azabtarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don kawai ita mace ce. A 2023 da 2024 Kotun Ƙoli ta nanata cewa ɗaukar iƙirari a bidiyo ko a gaban lauya, inda doka ta tanadi haka, wajibi ne.

Don haka 'yar'uwa, ko a Kafin Hausa kike ko Bulangu, idan abin ya zo ƙofarki, ki riƙe waɗannan. Kada ɗanki ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Idan an doke shi, ya faɗa wa alƙali tun lokacin da aka gabatar da takardar. Idan yana da larurar ƙwaƙwalwa, ki adana katin asibitinsa. Bayan hukunci, a nemi kwafin shari'ar nan take, domin kotun sama abin da aka rubuta take dubawa, kuma wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne. Idan babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali.

Wannan ba koya wa 'ya'ya ƙarya ba ne, wanda ya ci haƙƙin wani dole ya fuskanci hukunci. Sai dai shari'a, ta Musulunci da ta ƙasa, hujja take bi, ba ta bin tsegumin gidan biki ko na bakin rijiya. Mu ma mu kame bakinmu, domin ƙazafi bulala 80 ne. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya raba mu da sharrin zato, amin.