Abin da Ke Kawo Jiri a Kan Dutse

Ƙasar Rano da Kibiya ƙasa ce ta duwatsu, kuma duk wanda ya taɓa hawa ƙololuwar ɗayansu ya leƙa ƙasa ya san yadda gwiwa ke saki. Akan danganta wannan da ragwantaka, wani lokaci ma da iskoki, alhali sababinsa yana cikin jiki.

Mutum a tsaye ba ya daina tangaɗi kaɗan-kaɗan, ko da bai sani ba. Abubuwa uku ke daidaita masa tsayuwa: ido, da tafin ƙafa, da wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne. Ido yana gane tangaɗin ne idan ya auna shi da abin da ke kusa, kamar bango ko kututture. A bakin dutse kuwa, gonaki da rufin gidaje sun yi nisa ƙwarai, sai ido ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki a tsaye yake cak, kunne da ƙafa su ce yana motsi. Wannan saɓani shi ne jiri. Tangaɗin sai ya ƙaru, kuma a nan haɗarin faɗuwa yake.

Mai ɗora amya a kan kuka idonsa na kan reshen da ya riƙe. Bafaranshen nan Philippe Petit, wanda ya taka igiyar ƙarfe tsakanin tagwayen benayen New York a 1974, fiye da mita 400 daga ƙasa, doguwar sanda ya riƙe a gicciye don ta rage masa saurin karkacewa.

Wanda jiri ya kama a sama, sai ya tsuguna ko ya kwanta, ya kafa ido a kan dutsen da ke gabansa.