Takarda ko Na'ura: Wa Zai Bi Sawun Sharar Jalingo?

Daga watan Oktoba na 2026, duk wurin da ke da lasisin karɓar shara a Ingila dole ya riƙa shigar da bayanin kowace mota a manhajar gwamnati ta intanet: daga ina sharar ta fito, wace iri ce, nawa nauyinta. Dokar Muhalli ta 2021 ce ta ba da wannan iko. Kafin haka takarda ake cikewa, mai kaiwa ya riƙe kwafi, mai karɓa ya riƙe nasa, hukuma ba ta gani sai ta tambaya. An kiyasta cewa masu zambar shara suna jawo wa Ingila asarar kusan fam biliyan ɗaya duk shekara.

Mu mun san sharrin takarda tun kafin su farga. A 1988 aka sauke dubban gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko na tsohuwar jihar Bendel, ba tare da wata takarda ta hana ba. Wannan abin kunya ne ya haifar da dokar haramta shara mai cutarwa a shekarar, da hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda NESREA ta gaje ta a 2007. Takarda tana ɓata, ana cike ta bayan an gama aika-aika. Na'ura kuwa tana buga lokaci da kanta, kuma idan mota ta tashi da tan biyar ta isa da uku, giɓin zai fito fili. A nan kam na'ura ta yi wa takarda fintinkau.

Sai dai tsarin Ingila a bakin ƙofa yake aiki. Yana buƙatar juji mai katanga, da sikelin auna mota, da ma'aikaci a zaune. A Jalingo kuwa shara mai yawa ba ta bi ta kowace ƙofa. Daga gida sai kwata, ko fili a ƙona ta da yamma, ko bakin kogunan Lamurde da Mayo Gwoi a jira damina ta kwashe. Ledar ruwan sha da aka wurgar a Sabon Gari ba ta da lambar da kwamfuta za ta karanta. Ga matsalar wuta, ga tsadar data. Littafin rajista da biro ba ruwansu da duk wannan, kuma mai gadi ma zai iya riƙe su.

Abin ban dariya, masu auna shara da gaske a garin su ne 'yan jari-bola da dillalan gwangwan. Suna da sikeli, sun san kilon ƙarfe da na dalma da na roba, sun san tirelar da ta yi lodi da inda ta nufa, don kuɗinsu ne a ciki. Hukuma ce ba ta da wannan lissafi.

Don haka ni ban ga dalilin sa duk sharar gari a ma'auni ɗaya ba. Sharar da ke kisa, wato allurai da audugar asibitoci, tsofaffin batura, baƙin mai da gwangwanayen maganin feshi, ba ta da yawa, kuma masu fitar da ita sanannu ne. Wannan ta cancanci na'ura tun yanzu, ko da wayar hannu ce kawai. Dillalan gwangwan ma a shigar da su, hakan zai taimaka wajen gane wayoyin lantarki da ƙarafan gwamnati na sata. Sharar gida da ta kasuwa kuwa, littafi ya ishe ta tukuna.

Ya kamata ma'aikatar muhalli ta Taraba ta fara da katange juji, ta sa sikeli da mai rubutu a ƙofarsa, kafin wani ɗan kwangila ya sayar mata da manhaja.