Arzikin ƙarƙashin ƙasa ne ya zaunar da sojojin waje a Nijar?

Jama'a masu saurare da masu karanta mu, na gida Kurfai da na Abijan, Kwatano, Legas da Libiya, wannan tambaya tana yawan zo mana ta waya: wai sojojin Faransa da na Amurka da suka shekara goma a ƙasarmu, tsaro ne ya riƙe su ko kuwa yuraniyom? Yanzu da suka tafi ma tambayar ba ta tsufa ba, domin wasu baƙin sun shigo. To, bari mu bi ta daki-daki.

Mu fara da abin da ke rubuce. A watan Afrilun 1961, Nijar da Kodibuwa da Dahome (Benin ta yau) suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikin takardun da aka haɗa da ita akwai batun ma'adinai masu muhimmanci ga yaƙi, har da yuraniyom, kuma aka ce Faransa ce za a fara sayar wa. Kun ga tun ranar farko soja da ma'adini suna cikin takarda ɗaya. Kamfanin Somair ya fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ya biyo baya a 1978. Faransa kuwa wajen kashi biyu cikin uku na wutar lantarkinta daga tashoshin nukiliya take samu, alhali mafi yawan ƙauyukanmu har yau da fitilar hannu ake kwana. Wanda ya yi zargi, yana da dalili.

Akwai hujja ta biyu. A Satumban 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar daga ciki Faransawa. A farkon 2013, lokacin da Faransa ta shiga yaƙin Mali, sai ta aika da sojojinta na musamman su yi gadin wuraren haƙar kamfanin Areva, kuma shugaba Mahamadu Isufu ya tabbatar da haka da bakinsa. A nan kam ba wata gardama, soja ya zo ne ya tsare rijiyar ma'adini.

Sai dai in muka tsaya nan, rabin labari muka ji. Mu tuna da 1974. Seyni Kunce, ɗan Fandu ta ƙasar Tondikandiya, maƙwabtanmu, ya kifar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu, daidai lokacin da ake ja-in-ja da Faransa kan farashin yuraniyom. Bai daɗe da hawa ba ya ce sojojin Faransa su tattara su tafi, suka kuwa tafi. Me ya biyo baya? Haƙa ta ci gaba, har ma ta ƙaru. Fiye da shekara 30 yuraniyom na fita zuwa Faransa ba tare da sansanin sojanta a ƙasar ba. Kwangila da hannun jari ne suka yi wannan aiki.

Ga kuma misalin Cana. Kamfanin CNPC ne ke haƙar man Agadem, da shi aka gina matatar Soraz ta Damagaram a 2011, shi ne kuma ya shimfiɗa bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin. Cana ba ta da sansanin soja a Nijar. Amurka kuwa, wadda ta kashe sama da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta kuma ajiye soja wajen 1,000, ba ta da mahaƙar yuraniyom ko ɗaya a nan.

Sannan mu dubi inda aka girke sojojin. A 2023 Faransa tana da soja kusan 1,500, yawancinsu a Yamai, sauran a Walam da Ayaru, wato nan cikin jihar Tilaberi. Daga nan zuwa Arlit tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Mu a Kurfai me muke da shi? Hatsi, wake, da shanun Azawak irin na Tukunus. Ita kanta Cominak an rufe ta a Maris 2021, babban wurin Imuraren kuma an dakatar da aikinsa shekaru kafin nan saboda faɗuwar farashi. Cikin shekaru goma kafin juyin mulkin 2023, Nijar tana ba Faransa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyom ɗin da take saye, Kazakistan ta fi mu.

To me kuma ya riƙe su? Abubuwa ne da yawa suka taru. Rushewar Libiya a 2011 ta watsa makamai cikin Sahara. Turai tana tsoron ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai su yi ƙarfi kusa da ita, tana kuma son tare matasan da ke bi ta Agadas zuwa teku, dalilin ke nan da ta goyi bayan dokar 2015 kan safarar baƙin haure. Faransa tana son a ci gaba da ganinta a matsayin babba a ƙasashen da ta raina. Gwamnatocinmu na lokacin su ma su suka gayyata, suka sa hannu. Bayan an kore su daga Mali a 2022, Nijar ce ta zama masaukinsu. Yuraniyom yana cikin lissafin, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana zaman shekara goma ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne sakamako. Suna nan aka kashe sojojinmu 71 a Inates a Disamban 2019, aka kashe 89 a Cinagodar a Janairun 2020. Suna nan aka hallaka mutane 58 a yankin Banibangu a Maris 2021, har da waɗanda aka tare suna dawowa daga kasuwa. An hana hawa babur, gonaki sun kwana ba noma, ƴan uwa na wajen Abala da Sanam da yawa sun bar gidajensu. Faransawa sun fice a Disamban 2023, Amurkawa a Satumban 2024, kuma kowa ya san har yanzu hankali bai kwanta ba.

Akwai wata dukiyar da take ciyar da yaƙin nan kai tsaye, wadda ba a cika magana a kanta ba. Shanun da ake kora, da kuɗin da ƴan bindiga ke karɓa da sunan zakka, da harajin da suke ɗora wa masu haƙar zinariya a yankin Liptako, su ne abincin yau da kullum na masu kai mana hari. Dabbar sata kuma ba ta sayar da kanta, sai da dillali da mai saye.

Yanzu ragama ta canja hannu. Masu horar da soja daga Rasha sun iso a Afrilun 2024. Gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga Orano a Yunin 2024, ta kuma mayar da Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025. A Afirka ta Tsakiya an ga yadda kamfanoni masu alaƙa da Wagner suka samu wuraren haƙar zinariya bayan sun kawo mayaƙa, don haka tambayar da kuka yi kan Faransa ta hau kan kowane baƙo, ko daga ina ya fito. Me aka rubuta cikin yarjejeniyar? Da me ake biyansa? Yaushe zai tafi? Kuɗin ma'adinin nawa ne ke shiga baitulmali, nawa ke isowa likita da lakkwal na ƙauye?

Mu dai ma'aunin da muke da shi mai sauƙi ne: manomi ya je gonarsa ya dawo lafiya, mai kora ya kawo dabbobinsa kasuwar Lahadi ta Filinge ba fargaba. Ku ci gaba da turo mana ra'ayoyinku, za mu karanta su a shirinmu na gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.